Baba Tsintau, Mutumin Ƙarshe a Hanya

A cikin masu ziyarar da suka ɗauki doguwar hanyar nan a ƙafa a wannan shekarar, babu wanda ya kai Baba Tsintau sammako, babu kuma wanda ya kai shi isa masauki a makare. Shi ne na farkon fita, shi ne na ƙarshen shiga. Tsakanin fitarsa da shigarsa kowa sai ya wuce shi: masu dogayen ƙafafu tun da hantsi, masu ciwon gwiwa da rana tsaka, har tsofaffi masu dogara sanda biyu. Bai taɓa jin haushin haka ba. Gajeren mutum ne siriri, mai ɗan doro, kullum yana tafe kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura.

Sunkuyon nan sana'a ce ta bar masa. Tun yana saurayi ya kama aikin sharar titi, kuma titi ɗaya ya riƙe har gashin kansa ya yi fari: wanda ya taso daga bakin tashar jirgin ƙasa, ya ratsa ta gaban gidan burodi da shagon magani da makarantar 'yan mata, ya gangara ya fice daga gari ta kan tsohuwar gada. Kayan aikinsa tsintsiya mai dogon mariƙi, da shebur, da baro mai kuka komai man da aka zuba masa. To, ta wannan titin ne masu ziyara ke fara tafiyarsu zuwa wani tsohon wurin ibada da ke can ƙarshen ƙasa, tafiyar makonni a ƙafa. Kullum da sassafe sai su sauko daga jirgi da sababbin jakunkuna da takalman da ba su san wahala ba tukuna, suna gaisawa da juna, suna ɗaukar hoto a bakin gada. Shi kuwa sai ya ɗage tsintsiyarsa ya rakuɓe gefe don kada ƙura ta taɓa su, in sun wuce ya share ɓawon ayaba da takardun da suka bari. Ba a gaishe shi, ba kuma don mugunta ba. Mutane ba su saba gaida sandar fitilar titi ba, shi kuwa bai fi ta magana ba.

Ai magana ita ce ba a ba shi ba. Ba wai bebe ba ne, yana amsa gaisuwa, yana godiya, har labari yakan bayar in an matsa masa. Abin da bai iya ba shi ne ya buɗe baki ya ce a yi masa wani abu. In aka taka shi a layi, shi ne zai ce a yi haƙuri. In mai shago ya haɗa masa da ruɓaɓɓen dankali, sai ya kai gida ya yanke wurin da ya ɓaci. Maiɗakinsa, Allah ya jiƙanta, ita ce bakinsa: ita ke mayar da kayan da ba su yi ba, ita ke shiga ofis ta kafe sai an saurare su, ita ke gaya wa likita inda ke yi masa ciwo, shi yana gefe yana gyaɗa kai. Takan ce da rigarsa za ta kama da wuta a cikin taro, sai ya jira mutane sun gama hirarsu sannan ya tambayi ko akwai ruwa a kusa. Ta riga shi tafiya, ta tafi da bakin. Daga nan duk abin da ya same shi sai ya haɗiye, kuma ya haɗiyi abubuwa da yawa.

Da aka sallame shi daga aiki saboda shekaru, 'yarsa tilo ta so ya koma gidanta. Ta ce ga ɗaki nan babu kowa a ciki, ga jikoki za su ɗebe masa kewa. Ya ce to, amma bari ya fara zuwa ya ga inda titinsa ya ƙare. Ta ɗauka wasa yake yi, don tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin ya ce yana son wani abu ba. Da ta ga da gaske ne ta yi faɗa, ta yi kuka, sannan ta je ta sayo masa takalmi mai kyau da ƙaramar waya, ta sa lambarta a ciki. Ta sa ya yi alkawarin ko ɗan yatsa ne ya yi masa ciwo zai kira ta, mijinta ya zo da mota ya ɗauke shi. Wata safiya ya bi titin da ya share duk rayuwarsa, ya haye gada, hannuwansa na ta neman mariƙin tsintsiyar da babu.

Rayuwar hanya ba ta da yawa, wataƙila shi ya sa take shiga rai. A tashi, a ɗaure takalmi, a bi alamar fenti da ke jikin duwatsu da bishiyoyi, a ratsa gonaki da ƙauyuka da bayan masana'antu, kowa da addu'ar da yake yi a ransa, da yamma a faɗa masaukin masu ziyara. Masaukan kusan iri ɗaya ne duka: dogon ɗaki mai gadaje masu hawa biyu, warin man zafi da jiƙaƙƙen takalmi, famfo ɗaya da ake yi wa layi, kicin mai tukwanen da murafansu suka ɓace, da igiyar shanya da ba ta taɓa isar kowa ba. Da yake wanki ba ya bushewa kafin safiya, sai kowa ya maƙale safarsa da tawul ɗinsa a bayan jaka su ƙarasa bushewa a hanya. Abin da ke bayan mutum kuwa in ya faɗi ba ya gani.

Baba yana gani. Idonsa ya saba da ƙasa, hannunsa kuma ba ya iya wuce abu a yashe. A makon farko ya iso wani masauki magariba ta kawo jiki, mutane sun cika kicin ana ta hayaniya. Ya je ƙarshen tebur ya zazzage wata leda: safa ƙafa ɗai-ɗai, hula, murfin gora, tabarau, cokali, da wani ɗan kamfai da har aka gama tafiyar ba a sami mai shi ba. Kicin ya ɓarke da dariya. Wani ƙaton mahauci mai murya kamar ana gangara ganga ya ɗaga safarsa sama, ya ce tun jiya yake zargin wanda ke gadon samansa, don Allah a yafe masa. Ya tambayi tsohon nan sunansa, kafin a ba shi amsa ya ce a bar shi, daga yau sunansa Baba Tsintau. Ya jawo shi ya zaunar a tsakiyar benci, ya tura masa kwanon miya. Baba ya ci kansa a ƙasa, kunnuwansa na zafi, don tun da yake ba a taɓa tafa masa ba.

Daga ranar ya zama na mutane. A hanya irin wannan, waɗanda suka fara tare kuma suke kwana a masauki ɗaya sukan dunƙule su zama kamar 'yan gida ɗaya, ba tare da an yi shawara ba. A nasu gidan Mahauci ne uban girki. Shi ke riga kowa isa ya kama tukunya mafi girma, ya kuma ɗora sandarsa a kan gadon ƙasa na kusa da ƙofa ya ce na Baba ne, wanda ya taɓa su gamu. Akwai wasu mata biyu, ya da ƙanwa, masu shagon ɗinki, ana ce musu Babba da Ƙarama. Sun zo cika alkawarin da suka yi wa mahaifiyarsu ne, kuma tun daga gada suke faɗa a kan wadda ta fi ɗaukar kaya. Su suka fara ce masa Kawu. Sai kuma Direba, tsohon direban babbar mota wanda ƙarar inji ta cinye masa kunne, ba ya ji sai an yi masa ihu ko ya kalli bakin mai magana. Shi ne na biyun ƙarshe kullum. Wajen la'asar yakan cimma Baba su jera na ɗan lokaci, Direba na zuba labarin duwatsun da ya hau da birkin da ya tsinke masa, Baba na gyaɗa kai. Mahauci ya ce bai taɓa ganin abotar da ta dace kamar wannan ba, mai maganar ba ya ji, mai jin ba ya magana.

Wata yamma ana shan shayi aka shiga tambayar juna abin da ya fito da kowa. Wani ya ce rashin lafiya ya tashi daga ita, wata ta ce ɗanta take nema wa shiriya, Mahauci ya ce shi dai ya yanka dabbobi da yawa, gara ya zo ya nemi sassauci tun da sauran ƙarfi. Da aka zo kan Baba ya yi ta murza kofi, da ƙyar ya ce titinsa yake bi ya ga ƙarshensa. Aka yi dariya, amma ba ta raini ba. Babba ta ce ashe duk tafiyar nan a kan titin Kawu ake yin ta, to kowa ya shiga taitayinsa, maigida na biye.

Ba ƙaramin abu ba ne wannan a wurin Baba. Ya shigo ɗaki a ɗago kai a ce ga shi nan. A ajiye masa abinci a rufe da faranti. Ƙarama ta karɓi rigarsa ta ɗinke masa maɓalli ba tare da ya roƙa ba. Wani lokaci yana tafe shi kaɗai a tsakanin gonaki sai ya kama kansa yana murmushi. Ya fito ne don ya ga ƙarshen titi, amma in gaskiya za a faɗa, wurin ibadar ya koma na biyu a ransa. Saboda bencin nan na yamma yake ɗaga ƙafa.

Sai dai hanya tana da wata doka da ba wanda ya kafa ta, kuma ya ga aikinta da idonsa. Wanda ya yi kwana ɗaya a baya ya fita daga cikin mutanensa ke nan, don su ba tsayawa suke yi ba, kowa da ranar da ake jiransa a gida ko a bakin aiki. Akwai wani mai gyaran agogo da suka fara tare, mutum mai ban dariya, zazzaɓi ya kwantar da shi a wani ƙauye. Aka yi masa sannu, aka ce sai ya cimma su. An ambace shi a teburin yamma sau biyu ko uku, daga nan aka matsa aka cike gurbinsa a benci. Ba wanda ya yi laifi. Amma Baba ya lura, ya kuma san in mai sauri irin wannan bai cimma su ba, shi da ko akuya mai ciki za ta ba shi rata ba zai taɓa cimma su ba.

Shi ya sa da agararsa ta dama ta fara ja, sai ya yi gum. Da farko da safe kawai take yi, in ya taka sai ta saki. Daga baya idon sawun ya kumbura, fatar wurin ta yi sheƙi. Abin haushin, rabin hirar yamma a kowane masauki ta ƙafa ce. Kowa ya baje tasa yana nuna bororo kamar wanda ya ci gasa, Babba na bi da allura da zare tana fasawa, ƙarti na ihu. Shi kaɗai ne zai lallaɓa bayan ɗaki ya shafa man zafi a ɓoye, ya ƙara sammako don kada a ga yadda yake sauko da ƙafar daga gado. Da 'yarsa ta kira ya ce lafiya lau, har ƙiba ya yi. Mutum ya rasa ko ya tausaya masa ko ya kai masa ranƙwashi. Ga shi a tsakiyar mutanen da za su iya goya shi, amma yana ɓoye ƙafa kamar wanda ya sato ta.

Ranar da abin ya faru, hanyar ta bi ta wani fili ne mai faɗi, gonakin alkama dama da hagu, babu gari sai can gaba da nisa. Rana ba ta daɗe da fitowa ba ya ji wani abu ya tsarga masa daga dunduniya har gwiwa, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Da ɗingishi da dogara sanda ya kai wani dakalin siminti a bakin kwalbati, ƙarƙashin bishiya. Ya cire takalmin don ya duba, ƙafar ta sami sarari ta cika, takalmin ya ƙi komawa. Ya gwada tashi, ya ga wuta a idonsa, ya koma ya zauna. Da ya ji motsin mutane daga baya sai ya yi maza ya yafa tawul a kan ƙafar, ya jawo jaka ya jingina, ya gyara fuska.

Ba wai mutuwa zai yi a wurin ba. Motar gona na wucewa jifa-jifa, ga kuma waya a aljihu. Kira ɗaya zai yi surukinsa ya zo ya kwashe shi, kafin jibi yana cikin ɗakin nan da babu kowa. Abin da zai rasa abokan tafiyarsa ne. Ba wanda ya taɓa karɓar lambarsa, don me za a yi da lambar mutumin da kullum ake wucewa a hanya? In suka wuce ba su sani ba, za su jira shi da yamma, su damu, su yi ta tambaya, da safe kuma hanya ta ja su. Abin da ake bukata kaɗan ne, ya buɗe baki ya faɗa wa ɗaya daga cikinsu. Ko za su tsaya masa ko ba za su tsaya ba bai sani ba, kuma rashin sanin nan ya fi ciwon ƙafar ba shi tsoro.

Mahauci ne ya fara ɓullowa, yana taku kamar zai huda ƙasa, ƙullin albasa na lilo a jikin jakarsa.

"Baba Tsintau, har an fara hutun? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Iska nake ɗan sha."

Mahauci ya cusa masa lemo a hannu, ya ce yau wake zai dafa da ƙashin da ya samo jiya, kada Baba ya tsaya tsince-tsince har ya huce. Ko sauri bai rage sosai ba. Me zai sa ya rage? Kullum a zaune ko a sunkuye yake wuce tsohon nan, kuma kullum tsohon na isowa.

Haka aka yi ta wucewa, ɗai-ɗai da bibbiyu. Wasu har suka ce yau sun cimma shi da wuri, lallai ƙafafunsu sun fara sabawa da hanya, suka yi gaba suna jin daɗin kansu. Ya ɗaga wa kowa hannu. Duk wanda ya wuce, in ma wani abu ya ɗarsu a ransa, sai ya ce ai akwai na baya. Sun manta na bayan da kowa ke dogara da shi, mai ganin abin da ya faɗi, shi ne wannan da ke zaune a kan dakali.

Da ya hango Babba da Ƙarama sai ya ƙudura a ransa su zai gaya wa, tunda sun ce masa Kawu. Ya shirya maganar, ya jujjuya ta a baki. Suka iso suna tsakiyar rigima a kan wadda ta bar sabulu a masaukin jiya. Suka gaishe shi, Ƙarama ta gyara masa wuyan riga, Babba ta ce Kawu ya zama shaida, wai ita ce za ta bar sabulu, ita da ta raini yarinyar nan? Baba ya buɗe baki. Ƙarama ta ce yarinya mai jikoki dai, kuma a hannun wa aka ga sabulun na ƙarshe? Ya rufe bakin, yana jira su kai aya. Ba su kai ba. Suka ɗauki rigimarsu suka yi gaba da ita. Daga nesa Babba ta juyo ta ɗaga murya ta ce in ya ga abin ɗaure gashinta a hanya ya taho mata da shi. Ya ce to.

Nan ne hawaye suka zo masa, na haushin kansa. Ya tuna maiɗakinsa, ya san da tana nan da tuni ta tare hanyar nan da hannu biyu, ta yaye tawul ɗin, ta tara masa jama'a. Ya ji kewarta irin wadda bai ji ba tun ranar da aka fita da ita daga gida. Ya ɓare lemon ya kasa sha. Hanya ta yi tsit, saura mutum ɗaya.

Direba ya iso rana ta kusa tsaka, yana jan ƙafa yana waƙa da ƙarfi, bai ma san da ƙarfi yake yi ba. Da ya ga Baba ya yi murna, ya ce yau ya ba wa kansa mamaki, ashe tsohuwar mota in ta ɗauki zafi tana gudu. Ya zauna kusa da shi a kan dakalin, ya karɓi rabin lemon, ya shiga labarin wata shekara da gada ta karye ya maƙale a bakin kogi da lodin siminti. Baba ya bari sai da ya tsaya haɗiyar yawu, sannan ya ce a hankali, yana kallon ƙasa:

"Ƙafata ta ƙi."

Ya faɗa dai. A rayuwarsa bai taɓa kaiwa nan ba, har gumi ya karyo masa. Amma ƙasa ya faɗa wa, Direba kuwa gonar alkama yake kallo yana tsotsar lemo. Da ya gama ya goge hannu a wando, ya miƙe da ƙyar, ya dafa kafaɗar Baba ya ce masa kada ya daɗe, rana na yi. Ya saɓa jaka ya kama hanya.

Baba ya bi bayansa da kallo. Hanyar ta miƙe ɗan nisa sannan ta sha kwana bayan wani dogon sito, daga nan ba a ƙara ganin mutum. Jakar Direba na ta ƙanƙancewa. Bayansa babu kowa sai baƙin da za su taso gobe, waɗanda ba su san wani Baba Tsintau ba, tsoho kawai za su gani a bakin hanya su ɗan kauce.

"Direba," ya ce. Ko tsuntsun da ke kan bishiyar bai motsa ba.

Ya sake kira, da ɗan ƙarfi. Sai ya yar da tawul ɗin, ya kama sanda da hannu biyu ya miƙe a kan ƙafa ɗaya, ciwon ya haye masa har ƙeya. Ya ja numfashi ya ƙwala kira. Muryar da ta fito shi kansa bai san ta ba, ta fashe a tsakiya kamar ta ɗan zakara mai koyon cara. Ya sake ƙwalawa. Ya cire hula yana kaɗawa, ya saki sandar ya ɗaga hannu biyu, yana tangaɗi yana kira, hawaye da majina sun haɗu, kunya duk ta zube ta bar shi. Wani mai aiki can cikin gona ya ɗago kai. Direba bai ji ko ɗaya ba.

Amma wanda ya tsufa a kan sitiyari ba ya shan kwana bai duba baya ba, ko da a ƙafa yake. Da ya kai bakin siton sai ya ɗan waiwaya, kamar yadda ya saba leƙa madubi. Da a zaune ya hango shi, da hannu zai ɗaga masa ya wuce kamar kullum. Sai ya hango tsoho a tsaye, ƙafa ɗaya ba takalmi, hannuwa a sama, baki a wangame. Ya tsaya, ya juyo.

Dawowar ta ɗauki lokaci, don shi ma ba ƙafar kirki gare shi ba. Kafin ya iso Baba ya zube a kan dakalin yana haki, kunyar da ta gudu ta fara lallaɓowa, har ya soma laluben tawul. Direba ya tsaya a kansa, ya dubi ƙafar ta yi suntum, ya dubi fuskarsa. Ya ga komai, ba ya bukatar bayani. Duk da haka ya sunkuyo ya kawo kunnensa mai ɗan dama-dama daidai bakin Baba.

"Me kake faɗa? Ɗaga murya, ka san ni."

"Ƙafata ta ƙi," in ji Baba, da ƙarfi. "Ba zan iya tafiya ba. Kada ka tafi ka bar ni."

Direba ya kwance igiyar jakarsa ya sauke ta a ƙasa. Ya zauna, ya ɗauki ƙafar ya ɗora a kan cinyarsa, ya jiƙa tawul da ruwan gorarsa ya naɗe ta. Yana yi yana faɗa. Ya ce kumburin nan ba na yau ba ne, shi da ya yi zama da tayoyi ya san wadda ta daɗe tana sacewa. Ya ce ashe duk labarin da yake zubawa a hanya, mai ciwo yake zuba wa, an bar shi yana ta haushi shi kaɗai. Ya ce shi babu mai jiransa a gida sai kyanwa, ita ma ta fi son maƙwabta, don haka ko mako ƙafar nan za ta yi a kwance, a gadon kusa da ita za a same shi. Da faɗan ya ƙare ya zaro wayarsa, ya danna lambar Mahauci, ya miƙa wa Baba. Ya ce shi ba ya jin waya, mai ƙafa ya yi bayani da bakinsa.

Baba ya riƙe wayar da hannu biyu. Ta yi ta ringi, har ya fara fatan kada a ɗauka. Sai ga muryar Mahauci, yana tambayar ko Direba ya koyi ji ne yau. Baba ya ce shi ne, Tsintau. Ya faɗi abin da ya faru, da inda suke, da cewa tun safe yake zaune a wurin. Wannan karon maganar ta fito ba tare da an jawo ta ba.

Da Mahauci ya yi magana, muryarsa ta ƙanƙance.

"A nan na same ka, Baba. Na ba ka lemo na wuce."

"Ba komai" ɗin da Baba ya saba faɗa ya zo har bakinsa. Ya dubi ƙafarsa a kan cinyar Direba, ya bar shi ya koma.

"E, ka wuce," ya ce. "To ka dawo."

Ta cikin wayar ya ji ƙaton yana haki, ya riga ya juyo.